Daga tsibirin Rapa Nui zuwa Santiyago: kilomita nawa ne a jirgin sama?

Bazazzagi77
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga masana taswira ce da masu harkar jiragen sama. Tsibirin nan na tekun Fasifik mai manyan gumakan dutse, Rapa Nui, wanda wasu ke kira Tsibirin Ista, a ƙarƙashin ƙasar Chile yake, kuma jirgin da ke zuwa can daga Santiyago babban birnin ƙasar yake tashi. To nisan da ke tsakaninsu nake nema. Na ga an rubuta 3,759, na ga 3,512, na ga 2,336, na kuma ga 2,030. Wuri biyu ne, babu wanda ke motsi a cikinsu, ta yaya za a samu lamba huɗu? Sannan wai zuwa ya fi dawowa daɗewa. Ni dai a ganina ƙiyasi kawai masu rubuta lambobin nan suke yi, babu wanda ya taɓa auna teku.

Mai_Taswira
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ƙiyasi ba ne, kuma uku daga cikin lambobin naka abu ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. Daga filin jirgin Mataveri da ke tsibirin zuwa filin jirgin Santiyago kilomita 3,759 ne. In ka mayar da shi mil irin na ƙasa, wanda kowane ɗaya mita 1,609 ne, za ka samu 2,336. In kuma mil na teku ne, wanda matuƙa jiragen sama da na ruwa suke aiki da shi, kowane ɗaya mita 1,852, sai ya ba ka 2,030. Ɗauki kalkuleta ka raba da kanka ka gani.

Ta huɗun ce daban. Kilomita 3,512 nisan tsibirin ne zuwa gaɓar teku mafi kusa ta Chile, ba zuwa Santiyago ba. Santiyago ba a bakin ruwa take ba, tana can ciki a gindin duwatsun Andes, kimanin kilomita 100 daga teku. Kuma wurin da gaɓar ta fi kusa da tsibirin yana kudu, wajen birnin Concepción, inda ƙasar ta ɗan turo kai yamma.

Gwaggon_Yara
Ikon Allah. Ni wannan kilomita dubu kaza ba ya shiga kaina. A gwada mini da wata tafiya da na sani.

Hajiya_Mai_Tikiti
@Gwaggon_Yara Hajiya, in kin taɓa zuwa Hajji ko Umara ta Kano, Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. To ki ƙara ɗari uku da wani abu a kai. Bambancin shi ne ke a hanyar Jidda kina bi ta saman Chadi da Sudan, akwai garuruwa da filayen jirgi a ƙasa, Bahar Maliya ce kawai ruwan da za ki tsallaka kuma ba ta da wani faɗi. Su kuwa da zarar jirgi ya bar gaɓar Chile, ruwa ne har a sauka.

Bazazzagi77
@Mai_Taswira Malam na gode, lissafin mil ɗin ya fita, na raba na gani. Amma har yanzu ban gamsu da batun aunawa ba. A tudu sai a ja awo ko a bi da mota a duba mita. A teku da me aka auna?

Mai_Taswira
Ba a bukatar bin hanyar kafin a san tsawonta. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu da ke nuna matsayinsa. Filin Mataveri yana wajen digiri 27 kudu, digiri 109 yamma. Na Santiyago yana wajen digiri 33 kudu, digiri 71 yamma. Girman duniya kuma sananne ne, kewayenta kimanin kilomita 40,000. Da waɗannan kaɗai ɗan aji shida na sakandare da ya iya lissafin kusurwa zai fitar maka da nisan. Abin da ake nema shi ne hanya mafi gajarta a bisa abu mai siffar ƙwallo. Ɗauki lemo ka soka tsinke biyu a jikinsa, ka ɗaura zare tsakaninsu ka ja shi ya miƙe sosai. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar, tsawonsa kuma shi ne nisan. Yanzu da tauraron ɗan'adam ana sanin matsayin titin jirgi har zuwa 'yan mitoci, don haka kuskuren da zai shiga lissafin bai taka kara ya karya ba.

Injiniya_Na_Hanga
Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai a ƙara da cewa 3,759 nisan takarda ne. Jirgi ba ya bin zaren nan sak. Akwai hanyar fita daga fili da masu kula da zirga-zirga suka tsara, akwai kauce wa hadari, akwai neman inda iska ta fi sauƙi, akwai kewayowa a daidaita da titin sauka. Jirgin jiya da na yau ba za su ci kilomita iri ɗaya ba. Saboda haka @Bazazzagi77 yana da 'yar gaskiya: in nisan da jirgi ya ci a zahiri ake magana, ba lamba ɗaya ba ce.

Damagaram_12
Batun zuwa ya fi dawowa daɗewa fa? Ni abin da hankalina ya ba ni akasin haka ya kamata ya kasance. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas. Jirgin da ya nufi yamma, tsibirin ne ke tahowa ya tarye shi, sai ya fi saurin isa. Ko dai masu rubutun sun juya maganar ne?

Injiniya_Na_Hanga
@Damagaram_12 Ɗan'uwa, iskar da jirgin ke ciki ita ma tare da duniyar take juyawa. Da ba haka ba, da mai saukar ungulu sai ya tashi ya tsaya cik a sama ya jira wata ƙasa ta zo ƙarƙashinsa. Abin da ke kawo bambancin shi ne wata iska mai ƙarfi da ke kadawa can sama, daidai inda manyan jirage ke tafiya, daga yamma zuwa gabas. A wannan yanki na duniya tana da ƙarfi sosai, musamman lokacin hunturunsu. Mai zuwa tsibirin gaba da gaba yake da ita, mai dawowa kuwa tura shi take yi.

Ga misali don a gane, ba wai haka take kullum ba. Boeing 787, irin wanda kamfanin LATAM ke sawa a hanyar, yana gudun kusan kilomita 900 a awa a cikin iska. In iskar tana gudun 100, mai zuwa yamma 800 yake ci a ƙasa, mai dawowa gabas 1,000. Raba 3,759 da kowanne ka ga tazarar, ta kusa awa guda. In aka haɗa da hawa da sauka da tafiyar ƙasa, zuwa yakan ɗauki awa biyar da wani abu, dawowa kuma awa huɗu da rabi ko sama da haka kaɗan.

Damagaram_12
To ita iskar me ya sa take bin gabas? Ai juyawar duniyar ce dai. Kenan maganata ba ta faɗi ƙasa ba.

Mai_Taswira
Juyawar duniya tana da hannu wajen karkatar da iskar zuwa gabas, tare da bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta masu sanyi. Wannan gaskiya ne. Amma sakamakon ya saɓa wa abin da ka fara faɗa, domin mai zuwa yamma shi ne ke daɗewa.

Hajiya_Mai_Tikiti
Akwai kuma abin da ke rikita fasinjoji kullum a teburina, ba ma a wannan hanyar kaɗai ba: lokacin da ke jikin tikiti agogon garin da aka tashi ne da agogon garin da za a sauka. Rapa Nui tana bayan Santiyago da awa biyu. Kenan in jirgi ya tashi ƙarfe 9 na safe ya yi awa biyar da rabi a sama, agogon tsibirin 12:30 zai nuna, mai kallon tikiti sai ya ɗauka awa uku da rabi ce. A dawowa kuma awa huɗu da rabi sai ta fito kamar shida da rabi. Wanda bai sani ba zai rantse dawowa ce ta fi tsawo, alhali ita ce gajera. Na sha zama da dattawa ina zana musu wannan a bayan takarda, don akwai wanda ke shirya maganinsa da sallolinsa bisa abin da ya gani a tikiti.

Ɗan_Zangon_Kumasi
Salam 'yan'uwa. Ni tambayata, su waye ma suke zaune a irin wannan wuri? Kuma me ya haɗa su da Chile in nisan ya kai haka?

Malama_Tarihi
@Ɗan_Zangon_Kumasi Mutanen asalin wurin ba danginsu ɗaya da mutanen Kudancin Amurka ba. 'Yan Folinesiya ne, 'yan'uwan mutanen Tahiti da Hawai da Maori na New Zealand, kuma daga yamma kakanninsu suka zo a kwale-kwale masu filafilai, ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san da wurin. Baturen farko da ya isa shi ne Jacob Roggeveen ɗan Holan, a 1722. Chile ta haɗe tsibirin a 1888 ta hannun wani hafsan sojan ruwa, Policarpo Toro.

Abin da ke ci mini rai a tarihinsu shi ne nisan nan da muke ta lissafi bai kare su daga mugunta ba. A 1862 zuwa 1863 masu farautar bayi daga Peru suka kwashe mutane wajen 1,500. 'Yan kaɗan da aka maido suka zo da cutar agana. Zuwa 1877 mutum 111 kacal suka rage a tsibirin gaba ɗaya. Bayan haka aka ba wani kamfanin kiwon tumaki hayar kusan dukkan ƙasar har zuwa 1953, aka killace masu ƙasa a gari ɗaya, Hanga Roa. Sai a 1966 aka ba su cikakken 'yancin zama 'yan ƙasar Chile. Ƙidayar 2017 ta nuna mutum 7,750 ke zaune can. Duk wanda ya san tarihin cinikin bayi a nahiyarmu ba zai karanta wannan zuciyarsa ta zauna lafiya ba.

Gwaggon_Yara
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum 111. Allah ya isa.

Matuƙin_Ruwa
Ni a jirgin ruwan dakon kaya nake aiki, kuma mu mil na teku muke ƙirgawa, don haka 2,030 ita ce lambar da ta fi yi mini ma'ana. Mil ɗaya na teku daidai yake da minti ɗaya na digiri in kana tafiya kudu ko arewa, shi ya sa muke sonsa, kana duba taswira kana ganin nisa a gefenta. Jirgin da ke gudun mil 15 a awa zai yi kwana biyar da rabi kafin ya cinye mil 2,000. Ƙananan jiragen da ke kai wa tsibirin kaya daga tashar Valparaíso ta Chile ba su kai wannan gudun ba, mako guda ne ko fiye. Kuma wurin ba shi da tashar da babban jirgi zai jingina, sai ya tsaya a waje a riƙa sauke kaya cikin ƙananan jirage. In teku ta yi fushi sai a jira. Wanda bai taɓa yin kwanaki yana duba ko'ina ba ya ganin tudu ba, ba zai gane abin da kilomita 3,759 take nufi ba. A jirgin sama fim biyu ne da abinci, an iso.

Injiniya_Na_Hanga
@Matuƙin_Ruwa Yayana, ga fasinja ne fim biyu. Ga wanda ke tsara tafiyar jirgin, wannan hanya tana cikin masu sa a zauna a yi lissafi da kyau, kuma a nan ne nake ganin ainihin nauyin tambayar @Bazazzagi77 yake. Kilomita 3,759 ba wani nisa ba ne ga 787, yana iya yin ninkinsa uku bai sha mai ba. Matsalar ita ce babu wurin sauka na biyu.

A ƙa'ida, duk jirgin da ya tashi yana da filin ko-ta-kwana kusa da inda za shi. In hazo ya rufe, ko wani jirgi ya lalace a kan titi, sai ya karkata can. Mataveri titi ɗaya gare shi, kuma filin jirgi mafi kusa da shi yana tsibiran Gambier da ke can yamma, kilomita 2,600 da 'yan kai, shi ma ƙarami ne, ba na manyan jirage ba. Tsibiran Juan Fernández da ke kusa da gaɓar Chile suna da ɗan titi, amma na ƙananan jirage ne. Saboda haka akwai wani wuri a tsakiyar hanya da in jirgi ya wuce shi, mansa ba zai ishe shi ya juya ya komo Chile ba. Kafin a kai wurin dole matuƙi ya tabbatar da yanayin sama da lafiyar titi, in da shakka ya juya. Dokar ƙasa da ƙasa kan irin waɗannan filaye da suke su kaɗai ta ce a ɗauki ƙarin man da zai riƙe jirgi awa biyu a sama bayan ya iso. Hukumomin Chile kuma ba sa barin jirgi biyu su wuce wannan wurin a lokaci guda, sai na farko ya sauka lafiya, don kada ya toshe titi na bayansa ya rasa inda zai sa ƙafa.

Bazazzagi77
Subhanallah. To in inji ɗaya ya mutu a tsakiya fa? Inji biyu ne kawai a 787 ai.

Injiniya_Na_Hanga
Yana tafiya da ɗaya, an ƙera shi don haka. Akwai tsarin da ake kira ETOPS, wanda ke ƙayyade minti nawa jirgi mai inji biyu zai iya nisanta da filin sauka in da inji ɗaya yake tafiya. A da minti 60 ne. A 1985 aka fara ba da 120, daga baya 180, shi 787 kuma a 2014 aka amince masa har 330. Ba kyauta ake ba kamfani wannan izini ba, sai an duba yadda yake kula da injuna da horon ma'aikatansa. Mu da muke aiki a hanga, wato rumfar gyaran jirage, mun san jirgin da zai bi irin wannan hanya dubawarsa daban ce kafin ya tashi, har makaniki ɗaya ba a so ya yi aiki iri ɗaya a injunan biyu a lokaci guda, don kada kuskure ɗaya ya shafi duka.

Almajirin_Malam
Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya zo mini a rai, musulmin da ya tsinci kansa can ina zai fuskanta in zai yi salla? A taswira na ga Makka tana arewa maso gabas da wurin.

Mai_Taswira
@Almajirin_Malam Allah gafarta Malam, taswirar bango ce ta nuna maka haka. Irin wadda aka fi rataya wa a azuzuwa ta samo asali ne daga aikin Gerardus Mercator na 1569, kuma shimfiɗe duniya da ta yi ya sa miƙaƙƙen layi a kanta ba shi ne hanya mafi kusa ba. In aka yi lissafi, alƙiblar Rapa Nui gabas ce, har da ɗan karkata kaɗan zuwa kudu. Dalili kuwa, wurin da ke daidai bayan Makka a ɗaya gefen duniya yana cikin tekun Fasifik ɗin nan, kusa da wani ƙaramin tsibiri mai suna Tematangi a yankin Folinesiya ta Faransa. Rapa Nui tana gabas da wannan wuri da kimanin kilomita 3,200, don haka in ka ba shi baya ka fuskanci Makka, tazarar kuma ta kusa kilomita 16,800.

Wannan karkatar ita ce ke sa jirgin Santiyago zuwa Sidni ta Ostiraliya yake gangarawa kudu sosai ta wajen Antatika. A taswirar bango sai ka ga kamar ya yi kwana, alhali ita ce gajerar hanya.

Almajirin_Malam
Na ji bayanin lissafi, amma a irin wannan zan so in ji ta bakin malaman fiƙihu ma kafin in riƙe. Batun ƙasaru dai babu saɓani, tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba.

Baƙon_Birazil
Jama'a sannunku. Ina zaune a São Paulo, kuma Allah ya nufa na je tsibirin, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Daga nan zuwa Santiyago awa huɗu ce, ana tsallaka Andes, duwatsu da ƙanƙara har ka ji kamar fiffike zai taɓa su. Washegari muka kama hanyar tsibirin. Ko da yake tafiyar cikin gida ce, ba kamar sauran ba ce: sai ka cike wata takarda, ka nuna tikitin dawowa da shaidar masaukin da aka yi wa rajista ko takardar gayyata, 'yan sanda su duba. Tun 2018 doka ta ce baƙo ba zai wuce kwana 30 ba, har da 'yan Chile da ba 'yan asalin wurin ba kuma ba su da dalilin zama.

Bayan tashi ba da daɗewa ba ƙasa ta ɓace. Allon da ke gaban kujera shuɗi ne kawai da ɗan hoton jirgi a tsakiya, babu sunan gari ko ɗaya kusa. Tsibirin kansa ƙarami ne, murabba'in kilomita 164, titin jirgin ya kusa ratsa kusurwarsa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ana saukowa ta matakala a taka da ƙafa zuwa cikin ginin, garin kuma yana nan manne da filin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba gumakan ba ne, kanti ne. Ruwan roba, shinkafa, man girki, komai ya fi na Santiyago tsada sosai, saboda ko dai jirgin sama ya kawo shi ko na ruwa. A layin shiga jirgi a Santiyago za ka gane 'yan tsibirin da kayansu, kwalaye da akwatunan sanyi cike da cefane. Matar da na sauka a gidanta ta ce mini duk ciwon da ya fi ƙarfin asibitinsu sai an ɗauki mutum zuwa Santiyago, yaran da suka gama sakandare kuma mafi yawansu can suke tafiya jami'a.

Gwaggon_Yara
@Baƙon_Birazil Ɗana, to mai naƙuda da abu ya rikice mata fa? Awa biyar a sama, bayan jiran jirgin ya zo? Wannan shi ne nisa, ba lambobin da kuke ta rabawa ba. Allah ya raba mu da wahala.

Malama_Tarihi
Amin Gwaggo. Kuma awa biyar ɗin ma sabon abu ne. Jirgin sama na farko da ya isa tsibirin a 1951 ne, mai sauka a ruwa, Roberto Parragué na sojan saman Chile ya tuƙa shi daga birnin La Serena na Chile, ya yi wajen awa 19. Jigilar fasinja ta fara a 1967 da jirgi mai farfela, awa tara, sau ɗaya a wata. Kafin nan jirgin ruwa ake jira, kusan sau ɗaya a shekara. Kilomitar ba ta ragu ko ɗaya ba daga wancan lokaci zuwa yau.

Ɗan_Zangon_Kumasi
Na taɓa jin wai Amurkawa ne suka gina filin saboda kumbo. Gaskiya ne ko labarin shayi?

Injiniya_Na_Hanga
Su dai suka biya kuɗin tsawaita titin a shekarun 1980. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na shirin harba kumbonta daga sansanin Vandenberg a Kalifoniya ya nufi kudu ta saman Fasifik, ana neman inda zai sauka in an samu matsala. Bayan hatsarin kumbon Challenger a 1986 aka watsar da shirin harbawa daga can, kumbo bai taɓa sauka a tsibirin ba. Titin dai ya rage musu, mita 3,300 da ɗoriya, shi ya sa manyan jirage ke iya sauka.

Sarkin_Noman_Gaya
Ni duk a cikin zancen nan abin da ya ba ni mamaki mutanen da suka je a kwale-kwale. Babu inji babu taswira, ka nemo ɗan tudu a tsakiyar wannan ruwa. Kuma na karanta cewa suna noman dankali irin namu na Hausa tun kafin zuwan Turawa, alhali asalin dankali daga Kudancin Amurka yake. Kenan wani ya taɓa ƙetare wannan teku tun babu jirgin sama.

Malama_Tarihi
Haka ne Sarkin Noma, dankali ya bazu a tsibiran Folinesiya tun kafin Turawa, kuma masana sun yarda an yi cuɗanya da mutanen Kudancin Amurka. Inda ake ja-in-ja shi ne wa ya je wurin wa, kuma ta wane tsibiri aka fara. A 1999 wasu 'yan Hawai sun tuƙa kwale-kwalen gargajiya mai suna Hokule'a har Rapa Nui ta tsibirin Mangareva, da taurari da igiyar ruwa suke gane hanya.

Matuƙin_Ruwa
Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Tsibirin da mutane ke zaune mafi kusa da su shi ne Pitcairn, ya haura kilomita 2,000, mazaunansa kuma 'yan gomomi ne. In ka kuskure hanya kaɗan ka wuce Rapa Nui ba ka gan ta ba, babu abin da ke gabanka sai Kudancin Amurka.

Hajiya_Mai_Tikiti
Lokacin korona aka ga abin da dogaro da hanya ɗaya ke jawowa. An rufe tsibirin ga baƙi daga Maris 2020 har Agusta 2022. Wurin da ke karɓar masu yawon buɗe ido sama da 100,000 a shekara, kusan kowa da su yake ci, sai ga shi babu ko ɗaya. Mutane suka koma noma da kamun kifi. A da akwai jirgin da ke wucewa daga can zuwa Tahiti, shi ma a lokacin aka dakatar da shi. Ni a sana'ata in mutum ya tambaye ni nisan wuri, jirgi nawa ke zuwa a mako nake fara dubawa, da nawa ne kuɗin, kafin kilomita.

Bazazzagi77
To jama'a, in ɗalibina ya tambaye ni gobe, wace lamba zan ba shi? Malam @Mai_Taswira ya ce 3,759, Injiniya ya ce jirgi ba ya cin haka daidai, Gwaggo da Hajiya kuma sun ce ba ma kilomita ce abin dubawa ba.

Mai_Taswira
Ka ba shi 3,759, ka gaya masa daga fili zuwa fili ne ta hanya mafi gajarta. In daga tsakiyar birnin Santiyago aka auna zai ƙaru kaɗan, don filin jirgin yana Pudahuel, arewa maso yamma da gari. Duk wanda ya kawo maka wata lamba, tambaye shi daga ina zuwa ina, kuma da wane ma'auni.

Injiniya_Na_Hanga
Ni kuwa da ni ne, zan ba shi 2,030 mil na teku, don ita ce ke kan takardar matuƙi, in kuma nuna masa inda wurin nan na yanke shawarar ci gaba ko juyawa yake. Shi ma ba a tsakiya daidai yake ba, kullum iskar ranar da yawan man da aka ɗauka ne ke matsar da shi.

Damagaram_12
Injiniya, in iskar ce ke matsar da shi, a ranar da take da ƙarfi wurin zai matso kusa da Chile ne ko kusa da tsibirin? Ni lissafina ya ba ni kusa da tsibirin, tunda mai juyawa iskar za ta turo shi gida da sauri. Malam @Mai_Taswira a duba mana.